Leya Takwas a Murfin Robar Dambu

Dambun nama nake yi a gida. In na gama sai in zuba a ƙananan robobi, in manna sitika a murfi mai ɗauke da hoton dambun da lambar wayata da farashi. Farashin nan shi ya zaunar da ni gaban kwamfuta ina da shekara arba'in da wani abu, ba sha'awar zane ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin nama ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yau mahauci ya faɗa maka wannan, bayan mako biyu ya faɗa maka wani. Man gyaɗa haka, gas haka, ita kanta robar haka. Duk sanda na ƙara kuɗi sai na hau adaidaita sahu na je wani shagon kwamfuta wajen yaron da ya tsara mini sitikar, ya sauya lambobi huɗu, in biya shi, in biya kuɗin dawowa. Wata rana na roƙe shi ya ba ni ainihin aikin in ajiye a wajena. Ya turo mini hoto ta WhatsApp, ya ce shi ke nan. Ban san hoton ba ya gyaruwa ba sai da yaron ya bar shagon ya tafi da kwamfutarsa. Na koma soke tsohon farashi da biro ina rubuta sabo a gefe, masu saye suna kallon tsohon ta ƙarƙashin tawada suna ce mini, "Haba Hajiya, har ɗari biyar a lokaci guda?"

Autanmu ne ya kawo ƙarshen wannan, a farkon 2024, da ya zo hutu daga jami'a. Ya bar mini tsohuwar laftof ɗinsa, ya sauke mini wata manhajar gyaran hoto da zane mai suna GIMP, samfurin 2.10. Na tambaye shi nawa ake biya a wata, ya ce ko sisi, kuma ba ta sata ba ce irin wadda ake yi wa dabara a shaguna. Wasu ɗalibai biyu ne, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka soma rubuta ta a 1995 suna karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, tun daga nan kuma 'yan sa kai ke ci gaba da gyara ta suna bayarwa kyauta. Na ce masa ashe akwai ɗaliban da ke yin abin kirki da hutunsu. Bai tanka ba.

Da muka buɗe ta karon farko sai da na zaci ta maƙale, don ta ɗan jima tana tattara salon rubutun da ke cikin kwamfutar. Da ta buɗe kuma, ga fuska baƙa-baƙa, ga ƙananan alamomi masu launin toka birjik a hagu, babu wadda na san aikinta.

"Yaya, rabu da su," in ji Auta. "Uku kawai za ki taɓa yau."

Muka fara da awo. Na ɗauko tef ɗin ɗinki na auna murfin roba, wurin da sitika ke zama santimita 8 ne. Ya nuna mini File, sannan New, na sauya ma'aunin zuwa santimita, na rubuta 8 da 8. A ƙasa akwai wani wuri da ake buɗewa, Advanced Options, inda ya ce in tabbata akwai 300. Wato ɗigo 300 a kowane inci, abin da masu buga takarda ke so ke nan, in ya yi ƙasa sosai rubutu kan fito dishi-dishi. Lissafin ya ba da ɗigo 945 a tsaye, 945 a kwance. A nan kuma ya sa na zaɓi Transparency, sai filin aikin ya fito da ƙananan murabba'ai masu toka-toka kamar allon dara. Na ce ban son wannan adon. Ya ce ba ado ba ne, haka manhajar ke nuna cewa babu komai a wurin.

Sai muka zo kan leya.

Ya yi ta bayani da Turancinsu na makaranta, ni ina gyaɗa kai ba tare da na fahimci komai ba. Hajiya, mahaifiyar maigidana, tana gefe kan darduma da carbinta, ta ji yana ta cewa a ƙara leya, a ɗora leya, sai ta ɗago ta ce, "Wace irin laya ce kuma ake sa wa dambu? Ku dai ji tsoron Allah." Da ƙyar muka fahimtar da ita. Amma tambayarta ta yi amfani, don ita ta sa Auta ya bar Turanci ya shiga kicin ya ɗebo farar leda uku, irin wadda ake ƙulla alale. Ya zana da'ira da maka a ta farko, ya rubuta DAMBU a ta biyu, ya rubuta 1,500 a ta uku, ya ɗora su kan juna ya ɗaga wajen taga. In ka duba ta sama zane ɗaya kake gani. Ya zare ta ukun, da'ira da suna suna nan yadda suke.

"Kin gani? Farashin ledarsa daban. In nama ya tashi, ita kaɗai za ki cire."

A nan na gane abin da na yi ta biyan kuɗi a kai. Yaron shagon yana da ledojin, ni kuma hoton tarinsu yake ba ni.

A gefen dama na manhajar akwai wani akwati da leyoyin ke jeruwa, ta sama a jerin ita ce ta sama a zane. Kowace tana da alamar ido a gefenta, in ka danna idon sai ta ɓuya, in ka sake dannawa ta dawo. Na yi minti goma ina rufe ido ina buɗewa kamar ƙaramar yarinya. Abin da ya fi ba ni wahala, har ya kai ni mako guda, shi ne tuna cewa manhajar ba ta aiki a kan abin da idona ke kallo, sai a kan leyar da aka zaɓa a jerin. Sau nawa ina goge gefen hoto ina mamakin ba ya goguwa, ashe bangon da ke ƙarƙashi nake ta ci ban sani ba. Ctrl da Z, mai mayar da aiki baya, na danna shi a makon nan fiye da yadda na danna komai a rayuwata.

Hoton dambun da wayata na ɗauka, a faranti, da hantsi, kusa da ƙofa. Na shigo da shi ta File, Open as Layers, sai ya rufe komai, don hoton waya ya ninka filina girma sau da yawa. Na nemi inda ake rage girma na samu Scale Image, na rage, sai duka aikin ya ƙanƙance har da bango. Wanda nake nema Scale Layer ne, a ƙarƙashin Layer. Akwai wata 'yar sarƙa tsakanin faɗi da tsawo, in ka balle ta faranti zai koma kamar ƙwai. Da na zo goge tabarmar da ta fito a bayan farantin, maimakon wurin ya zama wayam sai ya riƙa zama fari. Auta ya nuna mini sunan leyar a jerin an rubuta shi da kauri, alamar ba ta da abin da ake kira alfa, wato ba leda ba ce, takarda ce. Danna ta dama a kanta, Add Alpha Channel, sai magogin ya fara huda ta yadda nake so.

Hutu ya ƙare, Auta ya koma makaranta, ya bar ni da rubutu. Shi ne kuwa inda aikin yake.

Harafin T ke ɗauko alƙalamin rubutu. Ka danna a fili, ka rubuta, manhajar da kanta ta buɗe wa rubutun sabuwar leya. Wannan ya yi mini daɗi. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne wuraren sauya girma da launi guda biyu ne: wani ɗan akwati da ke yawo a saman rubutun, da wani a gefen hagu. Na gefen na duka rubutun ne. Na saman kuwa ba ya taɓa komai sai haruffan da ka shafa ka zaɓa. Na yi ta ƙara lamba a na saman ba tare da na zaɓi ko harafi ɗaya ba, rubutu ya ƙi motsi, na rufe laftof ɗin na tafi na ɗora girki. Wani abin kuma, in ka ja akwati da linzami kafin ka rubuta, akwatin ya ƙame a girmansa, in rubutu ya fi shi sai ƙarshen ya ɓuya. Lambar wayata ta taɓa zama da lambobi tara a haka. Gara ka danna sau ɗaya kawai, akwatin ya riƙa buɗewa da kansa.

Ja da rubutu zuwa inda kake so aikin wata alama ce mai kan kibiya huɗu, harafin M ke kiranta. Sai dai in kana cikin rubutu ka danna M, ai m ɗin za a rubuta maka. Farashina ya sha zama 1,500mmm kafin na koyi danna Esc tukuna. Ko da na ɗauko ta ma, da na kama rubutu na ja sai hoton dambu ya biyo ni, rubutu na nan zaune. Na kira Auta a waya.

"Yaya, a kan jikin harafin za ki kama. In kika kama tsakanin haruffa ai huda ce, hannunki ya zarce ya kamo ta ƙasa."

"To haruffan sirara ne, idona ba irin naka ba ne."

"Riƙe Shift ki ja. Ko ki duba hagu ki zaɓi Move the active layer, ki huta."

Na huta kuwa. Daga baya na gano da kaina cewa a saman jerin leyoyi akwai makullai, ɗaya na hana leya motsi. Na kulle bango da hoto.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai tun zamanin tsohuwar sitika. A ƙasan suna akwai ɗan kirarin da nake sawa: tsoka zalla, babu ƙashi. Yaron shagon bai da ƙ a kwamfutarsa, ko kuma bai damu ba, ya rubuta da k. Wata mai saye ta taɓa ɗaga robar a gaban mutane ta karanta da ƙarfi, ta ce, "To alhamdulillahi tunda babu." An yi dariya, ni ma na yi, amma ban manta ba. Na yi alkawari a sitikata kowane baƙi mai lanƙwasa zai fito da lanƙwasarsa.

Da farko a waya nake rubutawa, don allon rubutun wayata yana da Hausa, in tura wa kaina, in kwafa in liƙa. Sai Auta ya turo mini wata hanya: kana cikin rubutu ka danna Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta lambar harafin, ka danna Enter. Ƙaramin ƙ 199 ne, babba 198. Ƙaramin ɗ 257, babba 18a. Ƙaramin ɓ 253, babba 181. Alamar naira, ₦, ita kuma 20a6. Na rubuta su a bayan kwalin ashana na manna kusa da kibod, har yau yana nan.

Samun harafin daban, samun salon rubutun da ya san shi daban. Na zaɓi wani salo mai kauri da lanƙwashe-lanƙwashe, irin na katin biki, na rubuta Ƙamshi da Daɗi. Duk haruffan suka fito ɓul-ɓul, Ƙ da ɗ kaɗai suka fito sirara, sun tsaya a tsakiya kamar baƙin da suka zo biki ba su yi anko ba. Dalili shi ne wanda ya ƙera salon bai zana waɗannan baƙaƙen ba, sai manhajar ta aro su daga wani salon don kada ta bar gurbi. Mafi yawan salo masu ado haka suke, don ba da mu aka yi su a rai ba. Dabarar da na ɓullo da ita ita ce in rubuta Ƙƙ Ɗɗ Ɓɓ ₦ a leya guda, in bi salon ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Wanda ya ci jarrabawa in rubuta sunansa. A ƙarshe na tsaya a kan Noto Sans mai kauri, na kamfanin Google, da Andika na ƙungiyar SIL, dukkansu kyauta ake saukewa. Ba su da ƙyale-ƙyale, na yarda. Amma tsakanin ado da ƙashi na zaɓi ƙashi.

Farin rubutu a kan hoton dambu ba ya karantuwa, don dambu launinsa gauraye ne, wani wuri duhu wani wuri haske. Sai an yi wa haruffan baki, kamar yadda tela ke yi wa wuyan riga. A samfurin 2.10 hanyar doguwa ce: danna ta dama a kan leyar suna, Alpha to Selection, sai wasu ɗige-ɗige su zagaye kowane harafi suna tafiya kamar jerin tururuwa. Sannan Select, Grow, na sa 6. Sannan sabuwar leya wayam, a ja ta ƙarƙashin sunan, a zuba mata ruwan ƙasa mai duhu. Na yi duk wannan daidai, na ji daɗin kaina, sai daga nan komai ya daina aiki. Buroshi ba ya zane, magogi ba ya gogewa. Tururuwar nan ce ban kora ba, muddin tana nan manhajar ba ta taɓa komai a wajen da'irarta. Select, None, magana ta ƙare.

Farashi ban yi masa baki ba, da gangan. Bakin nan zane ne, ba ya bin rubutu, in lamba ta sauya sai an sake shi daga farko. Sai na yi jan da'ira a leyarta, na ɗora farar lamba a kai a tata leyar. Haka nan na koyi kada in ja rubutu da abin ƙara girman hoto. In ka yi haka, ranar da ka dawo gyara kalma manhajar za ta gargaɗe ka cewa sauye-sauyen da ka yi za su zube. Girman rubutu a wurin rubutu ake ƙara shi. Da na gama na ƙirga leyoyi takwas, na ba kowace suna da Hausa: bango, hoto, bakin suna, suna, kirari, waya, da'ira, farashi.

Kuskurena mafi girma a daren da na gama na yi shi. Na danna Ctrl da S na adana, aka ba ni fayil mai ƙarewa da xcf. Na tura wa wata ƙawata ta gani, ta ce ba ya buɗuwa a wayarta. Na koma na yi ta lalube har na ga Flatten Image, na ce wataƙila sai an haɗe su ya zama hoto. Na danna, leya takwas suka koma ɗaya. Na sake adanawa a kan fayil ɗin, na rufe, na kwanta. Da safe na ga na juya lambobi biyu a lambar wayata. Na buɗe, na ɗauko alƙalami, na danna kan lambar, sai ya buɗe mini sabon rubutu a kanta. Ctrl da Z bai yi komai ba, don tarihin aiki ba ya bin fayil in an rufe. Da hannuna na mayar da kaina inda yaron shago ya bar ni.

Auta ya yi dariya har da tari kafin ya ce, "Yaya, xcf ɗin shi ne tukunyarki, ba a kai wa baƙo tukunya. Export As za ki yi, ki zuba masa a faranti." Wato Shift da Ctrl da E, ka sa wa sunan png ko jpg a ƙarshe. Shi faranti leya ɗaya ne dama, tukunya kuma tana nan da kayanta. PNG na riƙe wuraren da suke wayam, JPEG kuwa cike su yake yi da launi, don haka sitika mai zagaye PNG ta fi dacewa da ita. Na sake aikin daga farko. Abin da ya ci mini mako biyu ya ɗauke ni awa ɗaya da 'yan mintuna, har da tashi duba wuta. Tun ranar nake danna Ctrl da S bayan kowane ɗan gyara, don batirin laftof ɗin ya mutu, in aka ɗauke wuta tare suke tafiya.

Mai buga sitika ya duba ya ce lambar waya ta matsa baki da yawa, wuƙa za ta ci ta wajen yanka. A gabansa na buɗe laftof na ja leyar ciki kaɗan na sake fitarwa. Jan da'irar ya fito da ɗan duhu a takarda fiye da yadda yake a fuskar kwamfuta, ya ce haka tawada take, ba ta kai haske. Ban damu ba. Sau huɗu na sauya farashi daga lokacin zuwa yau, ban hau adaidaita don wannan ba ko sau ɗaya.

Da GIMP 3.0 ta fito a watan Maris na 2025 Auta ya sa mini ita. Tsofaffin fayilolina sun buɗe lafiya. Yanzu bakin haruffa yana cikin alƙalamin rubutu, zaɓa kawai za ka yi, kuma in ka sauya kalma yana binta. Ana iya zaɓar leyoyi da yawa a ja su tare. Na ɗan ji haushi, irin na wadda ta sha wahalar daka sannan aka kawo inji unguwa.

Kwanan baya maƙwabciyata ta haihu, aka ce in yi musu sitikar da za a manna a robobin rabon suna. Na shirya komai tun kwana uku da haihuwa, bango da furanni da addu'a da kwanan wata, na bar leya ɗaya da kalmar SUNA a kai, tunda ba a faɗa sai an raɗa. Ranar suna da sassafe, maza na dawowa daga masallaci, aka aiko yaro da 'yar takarda. Sunan kakansa aka mayar, kuma akwai ƙ a ciki. Na duba kwalin ashana, na rubuta, na fitar, na tura wa uban ya gani kafin a kai wajen bugawa. Bai yi minti biyu ba ya kira.

"Maman yara, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka. Amma ni da q nake rubuta shi, haka yake a takardun Baba."

Na ce to. Na goge harafi ɗaya na sa wani, na sake tura masa, na koma kan albasar da nake yankawa.